Banaras, birnin da ake zuwa domin a mutu

Duk wanda ya duba taswirar Banaras, birni mai tsarki ga mabiya addinin Hindu a Indiya, zai ga garin kaf ɗinsa a gefe ɗaya na kogi yake. Gaɓar yamma cike take da gine-gine har sun hau kan juna, ta gabas kuwa rairayi ne fetal. Gaɓar yamma tudu ce mai tauri da ambaliya ba ta iya cinyewa, ta gabas kuma kwari ce da ruwa ke shanyewa duk damina. Sannan a daidai nan Kogin Ganga yake karkata ya miƙi arewa, don haka wanda ya sauka ruwa da asuba daga yamma, gabansa na kallon fitowar rana, kuma haka mai ibadar Hindu yake so.

A takardun hukuma sunansa Varanasi, a jihar Uttar Pradesh ta Indiya, masu ibada kuwa Kashi suke cewa. Tonon da masana suka yi a Rajghat, arewacin garin, ya nuna mutane na zaune a wurin tun kimanin shekara 800 kafin haihuwar Annabi Isa. A Sarnath, tafiyar kilomita 10 daga nan, Buddha ya yi wa'azinsa na farko. Sai dai a nan mutane ke ruɗewa: garin ne tsoho, ba gine-ginensa ba. Yawancin matakalan dutsen da ke sauka cikin kogi, waɗanda ake kira ghat, su fiye da 80, a ƙarni na 18 aka gina su, akasari da kuɗin sarakunan Maratha.

Babban haikalin Shiva, ɗaya daga manyan ababen bautar Hindu, wato Kashi Vishwanath, shi ma haka ne. Sarkin Mughal Aurangzeb ya sa aka rushe na da a 1669, aka gina masallacin Gyanvapi a wurin. Wanda ake gani yanzu Sarauniya Ahilyabai Holkar ta Indore ce ta gina shi a 1780 dab da masallacin, Ranjit Singh na Punjab kuma ya ba da zinaren da aka lulluɓe hasumiyarsa a 1835. Rigimar filin tsakanin Hindu da Musulmi ta kai kotu, shi ya sa tsaro a wurin ba wasa. A Disambar 2021 aka buɗe faffaɗar hanya daga haikalin zuwa bakin kogi bayan an rushe ɗaruruwan gidaje. Cunkoso ya ragu, amma tsofaffin lungunan da suka tafi ba za su dawo ba. Mai shiga ya bar waya, takalmi da duk wani abu na fata a waje.

Abin da ya bambanta Banaras da sauran wuraren ziyara shi ne mutuwa. A imanin Hindu rai yana ta dawowa duniya cikin sabon jiki, amma wanda ya cika a Kashi ya huta da wannan zagayen. Shi ya sa tsofaffi ke tarewa a garin suna jira. Akwai gida mai suna Mukti Bhawan da ke karɓar waɗanda suka kusa cikawa, na kimanin mako biyu. In mutum bai rasu ba, sai danginsa su koma da shi a ba wani ɗakin.

Wurin ƙona gawa biyu ne, Manikarnika da Harishchandra, kuma wuta ba ta mutuwa a can dare da rana. Ana kawo gawa a makarar gora, an lulluɓe ta da yadi mai ƙyalli, masu ɗauka na ta maimaita sunan abin bautarsu Ram. Da farko a tsoma ta cikin kogi, a ajiye a matakala ruwan ya tsane. Kafin nan dangi sun je wurin sikeli sun sayi itace, kimanin kilo 300 ga babban mutum. Yawanci na mangwaro ne. Mai hali kan ƙara ɗan sandal don ƙamshi. Babban ɗa ya aske kansa ƙwal, ya ɗaura farin yadin da ba ɗinki, ya karɓo wuta a busasshiyar ciyawa daga hannun 'yan Dom, zuriyar da ta gaji wannan aiki, ya kewaya tarin itacen sau biyar sannan ya cinna. Ana zuba man shanu don wutar ta kama sosai. Aikin kan ɗauki awa uku. Can wajen ƙarshe a fasa ƙoƙon kai da sandar gora, sannan ɗan ya jefa tulun ruwa ta bayan kafaɗarsa ya tafi bai waiwaya ba.

Inda abin ke ɓaci shi ne wajen itace. In talauci ya sa aka saya kaɗan, ko kuma ya jiƙe da ruwan sama, gawa ba ta ƙonewa duka, ragowar kuma kogi take tafiya. Akwai injin ƙonawa a Harishchandra, mai araha nesa ba kusa ba, amma iyalai da yawa na ganin na itace shi ne cikakke. Wasu kuma ba a ƙona su sam: ƙananan yara, mata masu ciki, masu zuhudu da wanda maciji ya kashe. Su dutse ake ɗaura musu a sake su tsakiyar ruwa. Baƙo ya kiyaye abu biyu: ba a ɗaukar hoto, kuma wanda ya tare shi da zancen gudummawar itacen talakawa, galibi aljihunsa yake wa tara.

Duk da haka, 'yan matakala kaɗan daga nan rayuwa ce ke ta gudana. Malaman ibada zaune ƙarƙashin manyan lemomin gora, masu wanki na bugun kaya, yara na ninƙaya. Da magariba a matakalan Dashashwamedh samari masu hidima ke jeruwa suna juya manyan fitilun tagulla ga kogin, da ƙararrawa da turare, jama'a na kallo daga kwale-kwale. Mai ƙarfin ƙafa kan yi Panchkroshi, kewayen gari na kimanin kilomita 80 cikin kwana biyar, yana tsayawa a wuraren bauta 108.

Ruwan da ake wa wannan girmamawa kuwa, ba toka ce babbar matsalarsa ba, kwatocin gari ne. Tun 1986 Firaministan Indiya na lokacin, Rajiv Gandhi, ya ƙaddamar da shirin tsabtace Ganga a nan Banaras, aka sake wani a 2014, amma garin na girma fiye da yadda matatun ruwan ƙazanta ke iya ɗauka.

Kada kuma a ɗauka garin na Hindu ne zalla. Shahararren sarin siliki na Banaras, wato zanen matan Indiya da amare ke sawa a faɗin Indiya, akasarin masaƙansa Musulmi ne, a unguwanni irin su Madanpura.

Lokacin zuwa shi ne Oktoba zuwa Maris. A Mayu da Yuni zafi kan wuce digiri 40, dutsen matakala ba ya takuwa ba takalmi. Daga Yuli zuwa Satumba kogi kan cika ya haɗiye matakalan, a hana kwale-kwale fita, ƙona gawa ta koma saman rufi da cikin lunguna. In ruwa ya janye sai ya bar laka jibge, a kwashe makonni ana wanke ta da injin feshi kafin bikin Dev Deepawali, kwana 15 bayan Diwali, babban bikin fitilu na Hindu, lokacin da ake jera fitilun mai a kan matakalan.