Tsohon gida a Filato: yadda muka saya

Duk wanda ya ce zai sayar maka da aparteman guda a cikin tsohon bene a unguwar Filato ta Yamai, ka tambaye shi takardar da zai miƙa maka tun kafin ka tambayi kuɗi. A Yamai mun saba da hayar aparteman, amma sayensa shi kaɗai a bar wa wasu sauran benen ba kasafai ake yi ba. Yawancin tsofaffin benayen nan takarda ɗaya ce ta haɗa fili da duk abin da aka ɗora a kansa, da sunan mutum ɗaya, kuma sau da yawa mutumin ya daɗe da rasuwa.

Ni kuwa aparteman nake nema da farko. Yara sun kama gabansu, daga ni sai maiɗakina sai auta, kuma zirga-zirgar safe daga Talaje zuwa wurin aiki ta ishe ni. Yayana da ke Abijan, wanda ya bi hanyar bida tun muna samari a Tawa kamar Adarawa da yawa, ya ce zai sa nasa kason in har a Filato ne. Shi ba zama zai yi ba. So yake in ya zo gida ya sauka a wurin da zai faɗa da baki cike.

Ba na ganin laifinsa. Unguwar tana da abin da kuɗi ba sa ginawa a shekara biyu. Bayan Turawan Faransa sun ɗauke babban birni daga Damagaram sun kawo shi Yamai a 1926, kan wannan tudu suka shata wa kansu mazauni, kwarin Gunti Yena ya raba su da garin baƙar fata. Shi ya sa hanyoyin suke da faɗi, filayen suke da girma, itatuwan suka riƙa har inuwarsu take haɗewa a sama. Fadar shugaban ƙasa da ma'aikatu suna nan. Tudun ma da amfaninsa: ambaliyar 2020 da ta ci gidaje a Harobanda da Saga ba ta hau nan ba. Akwai Kwara Kano da sababbin manyan gidajenta, na sani, amma ni gidan da ya ga damina hamsin yana tsaye ya fi kwanta mini a rai.

Dillalin da aka haɗa ni da shi dattijo ne mai tsohon babur, ba shi da ofis, ba shi da kati. Abin da yake da shi ya fi ofis: ya san gidan da aka yi rasuwa, ya san gidan da magada suka fara ɗaga wa juna murya, ya san mai gadin kowane lungu da sunansa. Gidajen Filato ba a rataya musu allon sayarwa. Iyali suna jin kunyar a ce sun sayar da gidan ubansu, saboda haka maganar a kunne take yawo.

Ya kai ni wani bene na zamanin da kuɗin uraniyom suka fara shigowa, bayan an buɗe haƙar Arlit a 1971. Aparteman na sama, falo mai faɗi, baranda tana kallon yamma. Na so shi ƙwarai. Dillali ya ce in ajiye wani abu a hannun babban ɗan gidan kafin wani Alhaji ya riga ni. Kowane gida da ya nuna mini akwai wani Alhajin da ke shirin riga ni, har yau ban taɓa haɗuwa da shi ba.

Maimakon haka na ɗauki kwafin takardun na kai wa noter, wato mai tabbatar da takardun ciniki a hukumance. Mace ce mai ƙarancin magana, wani abokin aikina ya nuna mini ofishinta. Ta juya shafukan, ta ce, "Alhaji, me kake so ka saya a nan?" Na ce saman bene. Ta ce, "A takarda babu saman bene. Fili ne guda da sunan marigayi. In ka biya yau, ka zama abokin tarayyar magadansa, har da waɗanda ba ka taɓa gani ba." Ta aika aka duba rajistar filaye da ke ƙarƙashin ma'aikatar haraji, sai ga shi an taɓa jinginar da gidan a banki, ba a kuma soke jinginar a rubuce ba. Wataƙila an biya bashin tuntuni, in ji ta, amma ita da abin da ke rubuce take aiki. Na ce, "Metir, ba yadda za a yi?" Ta ce akwai, in ina da haƙurin jiran mutanen da ba su gama shiryawa da junansu ba. Ba a cinikin biri a sama. Na haƙura.

Wanda muka saya a ƙarshe ba aparteman ba ne. Ƙaramin gida ne na ƙasa a gefen wani babban fili, irin ginin ma'aikatan da, iyalin suna son su yanke shi su riƙe babban gidan. Nan jiyometir, mai awon filaye, ya shigo, domin sai an auna an raba filin, sashenmu ya sami tasa takardar mallaka, titir fonsiye. Da ya tono duwatsun iyaka na asali, ya tarar katangar baya ta ɗan shiga cikin na maƙwabci tun zamanin da ba wanda ya tuna. An daidaita da maƙwabcin a rubuce. Na lura kuma ba ruwan takardun da sunan titi, lambar fili da lambar titir suke bi. Gara haka, don sunaye suna canjawa: titin da muka taso muna kira na De Gaulle, tun 2024 sunan Djibo Bakary yake ɗauke da shi.

Mai zanen gine-gine da na ɗauko ya duba ginin, shi ne ya fi ba ni mamaki. Bai kalli fentin da aka shafa don mu ba. Ya fiddo makullin motarsa yana ƙwanƙwasa bango yana saurare, inda ya ji ƙarar rami sai ya zana da alli. Ya hau tsani ya ɗaga silin, ya tura yatsa cikin katakon rufi, yatsan ya nutse: gara ta cinye cikin ta bar fatar. Wata tsaga da ta tayar mini da hankali a falo ya ce ta shafe ce kawai. Wata ƴar siririya kusa da ƙasa a ɗakin baya, wadda ban ko gani ba, ita ya tsuguna a kanta, ya ce saiwar bishiyar dogon yaro ce take tura tushen gini. Wayoyin wuta na da ne, an sa su lokacin da fanka da fitila ne duk kayan gida, ba za su ɗauki na'urar sanyaya ɗaki ba. Bututun ruwa na ƙarfe sun yi tsatsa har ruwan farko yana fitowa ja. Amma bangon kansa, ya ce, kada in bari kowa ya taɓa. Kauri gare shi, rufin yana da tsawo, tagogi suna fuskantar juna, baranda ta tare rana. Da azahar a watan Afrilu muka shiga, lokacin da zafin Yamai yake wuce digiri 40, muka zauna a ciki ba wuta ba fanka, ba wanda ya nemi mafici. Lissafin gyaran da ya rubuta shi na ajiye a gaban masu gida, da shi aka rage kuɗin ba tare da an ɓata wa kowa rai ba.

Magada su ne aikin. Marigayin ya bar mata biyu da ƴaƴa a warwatse, wani a Kotonu, wata tana aure a Faransa. Noter ta ce sai ta ga takardar kotu da ta lissafa magada duka, da takardar zaman iyali, da wakilci a rubuce daga duk wanda ba zai iya zuwa ba. Babban ɗan ya ji haushi, ya ce shi ne uba yanzu, maganarsa ta isa. Ta amsa masa da ladabi cewa a gida haka ne, a ofishinta kuwa kowane magaji da hannunsa. Jiran wakilcin nan ya ja lokaci har yayana ya fara bugo waya yana tambaya ko na cinye kuɗin ne.

A cikin jiran na gane amfanin taurin kanta. Ashe ƙaramar matar marigayin ba a taɓa zaunar da ita an gaya mata komai ba, a bakin masu aiki ta ji. Da aka kira ta, noter ta karanta mata takardar da Faransanci, aka fassara mata da Zabarmanci layi bayan layi. Ta yi shiru, sannan ta juyo gare ni da Hausa: "Ɗana, ba ƙin sayarwa nake ba. So nake a tambaye ni." Na ce, "Inna, ga shi ana tambayarki." Ta nemi a ba ta lokaci ta kwashe kayanta daga ɗakin ajiya, aka rubuta mata hakan, ta dangwala yatsa. Da a hannun babban ɗa aka ƙare ciniki, da wannan baiwar Allah ko ƴaƴanta za mu haɗu wata rana a gaban alƙali, kuma da gaskiyarsu.

Kuɗin ma ba hannu da hannu aka ba da su ba. Asusun ofishin noter na zuba, suka zauna can har aka sa hannu, aka cire bashin harajin gida da na wuta da ruwa da ya taru, sannan aka ba magada nasu. Wanda zai bi wannan hanya ya ware wani abu mai kauri a gefe, don ladan noter da kuɗin rajista da na sauya suna da na jiyometir duk a kan farashin gida suke hawa, ba a cikinsa ba.

La'adar dillali kuwa tun ranar farko muka yanke ta a gaban shaidu. Ranar biya sai ga shi da mutum uku a bayansa: wanda ya fara jin labarin gidan, wanda ya gaya wa wanda ya gaya masa, da mai gadin lungu. Na miƙa wa dattijon abin da muka yi alkawari, na ce su je su sasanta. Ina tayar da mota suna ƙarƙashin bishiya ana ta lissafi da Hausa da Zabarmanci. Masu gyara sun sauke rufin ɗakin baya a makon jiya, mai wuta zai shiga in sun gama, mu kuma sai bayan damina za mu tare in Allah ya kai mu.