Taku 312

Wayata ce ta tona min asiri. Ina kwance wajen ƙarfe tara na dare, ina ta shafa fuskarta ba tare da na san abin da nake nema ba, sai yatsana ya faɗa kan manhajar nan mai ƙirga taku. Ta rubuta 312. Tun wayewar gari iyakar abin da ƙafata ta taka ke nan: gado zuwa banɗaki, banɗaki zuwa tebur, tebur zuwa sallaya. Na koma baya na duba sauran kwanakin, babu ranar da ta kai 600. Da na yi lissafi, kwana tara rabona da ƙofar waje.

A watan Satumba na sauka Leeds, a arewacin Ingila, da takardar izinin aiki. Aikin kwamfuta ne, kuma aka ce ba sai na riƙa zuwa ofis ba, in yi daga gida. A lokacin gani nake gata aka yi min. Matata da yaranmu biyu na baro su sai takardunsu sun kammala. Makonnin farko ido bai gaji da kallo ba, komai sabo. Sai Lahadin ƙarshe ta Oktoba ta zo aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda suke yi duk shekara, daga nan duhu ya fara cin yini ta kai da ta gindi. Zuwa Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kafin huɗu ta faɗi, in ma ta fito ke nan, don yawanci gajimare ne kawai ke yin fari-fari sannan ya koma baƙi. Azahar, la'asar da magariba duk cikin awa huɗu ake sallatarsu.

Da wani ya ce min ciwon damuwa ke damuna, da na yi masa dariya, saboda a tunanina mai wannan ciwo kuka yake wuni yana yi. Ni ko ɗigon hawaye babu. Abin da ya same ni ya fi kama da a zare wa abu gishirinsa. Ƙwallon da nake hana ido barci don in kalla, sai a fara in kashe. Saƙon aiki mai layi uku sai ya ci min awa guda. Ƙarfe uku na dare idona zai buɗe tar, tunani ya hau kaina yana ta nanata abu ɗaya har asuba, da rana kuma jikina kamar an ɗaura masa buhun yashi. In matata ta kira ta bidiyo sai in ce intanet ba ta da ƙarfi, mu yi da murya. Labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuma ba na so a tambayi tawa.

Mahaifiyata ba ta buƙaci fuska ba. "Kai ɗan nan, muryarka ba daidai take ba," in ji ta. Na ce sanyi ne kawai, Hajiya. Ta ce, "Sanyi ba ya hana mutum dariya. Ka je a duba ka."

Abin da ya hana ni zuwa tun da wuri kunya ce. Mutum nawa ke addu'ar samun abin da na samu? Da wane baki zan ce ina cikin ƙunci? Wani abokina da na ɗan ɓantara wa maganar cewa ya yi, "Kai da kake Turai, wace damuwa gare ka? Ka dai ƙara azkar." Bai faɗa da mugun nufi ba, amma sai na ƙara wa kaina tuhuma biyu a kan wadda nake ɗauke da ita: rashin godiya da raunin imani. Azkar ban fasa ba, har yau ina yi. Sai dai mai zazzaɓi ma yana addu'a kuma yana zuwa asibiti, ba wanda ya taɓa ce masa imaninsa ne ya yi rauni.

A nan ƙasar, komai daga likitan unguwa yake farawa, wanda suke kira GP. Da na je ban ambaci zuciya ba, na ce gajiya ce da ciwon baya. Likitar ta sa aka ɗibi jinina don a duba ƙarancin jini, da aikin ƙwayar nan ta maƙogwaro da ke iya kashe jiki in ta yi sanyi, da kuma bitamin D. Na ƙarshen ne ya fito ƙasa, abin da bai ba ta mamaki ba: hukumar lafiyarsu, NHS, na shawartar kowa ya sha maikirogiram 10 a kullum a kaka da hunturu, masu baƙar fata irinmu kuwa duk shekara. Amma ta ce wannan bai isa ya bayyana duk abin da na lissafa mata ba. Ta miƙo min takarda mai tambaya tara, PHQ-9, kowace tambaya ana ba ta maki daga sifiri zuwa uku gwargwadon yawan kwanakin da abin ya dami mutum a mako biyun da suka wuce. Rashin sha'awar komai, ƙunci, barci, gajiya, cin abinci, ganin kai a matsayin wanda ya gaza, tattara hankali, nauyin jiki ko rashin natsuwa. Ta taran tana tambaya ƙarara ko mutum na jin gara ya mutu. Na daɗe a kanta kafin na zagaye sifiri, kuma gaskiya na faɗa, amma ganin an rubuta tambayar a takarda ya sa na gane cewa ba abin wasa nake ɗauke da shi ba.

Na ci 14 cikin 27. Matsakaici. Ta bayyana min bambancin ɓacin rai irin na kowa da ciwon: ɓacin rai yakan zo ya wuce, shi kuwa wannan yana zama yawancin yini, kusan kullum, na aƙalla mako biyu, har ya taɓa aiki da mu'amala. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi sun kai wajen miliyan 280. Ni da nake ganin ni kaɗai aka ware.

Na zaci ƙwaya za ta rubuta min. Ta ce tana nan in ina so, kuma da makin ya fi haka da maganar ta bambanta. Amma ƙa'idar da NICE, hukumar da ke tsara wa likitocinsu ƙa'idojin magani, ta fitar a 2022 ta ce ga wanda ciwonsa bai tsananta ba, a fara gabatar masa da wasu hanyoyin, cikinsu har da zama da mai ba da shawara da motsa jiki cikin rukuni. Ta nuna min yadda zan yi rajista da kaina a shirin NHS na magani ta hanyar tattaunawa, ta kuma rubuta min lambobi biyu a bayan takardar don in dare ya yi tsanani: 111 ta neman taimakon NHS, da 116 123 ta Samaritans, ƙungiyar da ke sauraron masu cikin ƙunci, wadda ake ɗauka kowane lokaci.

Mai ba ni shawarar wata Baturiya ce da ban taɓa ganin fuskarta ba, ta waya muke yi, rabin awa duk mako. Na shirya za ta tono tarihin yarintata, sai ta ce in ɗauki takarda in rubuta abin da nake yi awa bayan awa na kwana bakwai. Da na karanta mata, ni kaina na ji kunya. Ta ce in zana da'ira: ƙunci ya sa ka janye jiki, janye jiki ya raba ka da duk abin da ke sa rai ya yi fari, rashin wannan ya ƙara ƙuncin, ƙuncin ya ƙara zaunar da kai. Na ce ai in na ji sauƙi zan fara fita. Ta ce, "Kana jiran sha'awa ta zo sannan ka motsa. A wannan ciwon motsi ne ke gaba, sha'awa ta biyo sawu, kuma tana makara."

Aikin gida na farko: minti goma a waje da tsakar rana, in ba yanayin zuciyata maki cikin goma kafin in fita da bayan na dawo. Sai da na yi kusan minti ashirin zaune a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa. Na fita na gangara bakin magudanar nan da aka haƙa tun zamanin kwale-kwalen dakon kaya, wadda ta haɗa Leeds da Liverpool, mil 127. Ruwan baƙi ƙirin, ganye ya ruɓe a gefen hanya, iska na yanka kunne. Wasu agwagi biyu suka biyo ni suna tsammanin na zo musu da wani abu. Wata tsohuwa da karenta ta ce min sannu, na amsa, sai na ji muryata ta fito a shaƙe, don rabon da in yi magana da mutum ido da ido har na manta. Kafin fita na rubuta 2. Da na dawo na rubuta 3. Na faɗa wa mai ba ni shawarar cikin gatse, ita kuwa ta karɓa kamar na ci jarrabawa.

Da ni kaɗai aka bari, da ban wuce mako biyu ba. Allah ya haɗa ni da wani dattijo a masallacin Juma'a, Bahaushen Gana, ya fi shekara talatin a ƙasar. Likita ya ɗora masa tattaki saboda ciwon suga. Ban gaya masa sunan ciwona ba, shi ma bai tambaya ba, ya dai kalle ni ya ce hunturun farko ne ko? Daga ranar, ƙarfe sha biyu sai in ji ƙararrawa. "Ƙanena, fito, ƙafa ba ta san hunturu ba." Ranar da ba na jin fita, kunyar in bar Alhaji tsaye a cikin sanyi ce ke ɗaga ni. Sai daga baya na fahimci dalilin da ya sa ƙa'idar ta ce cikin rukuni.

Da hankalina ya fara dawowa har ina iya karatu, na bi diddigin maganar, don ban yarda tattaki zai iya zama magani ba. A 1999 James Blumenthal da abokan aikinsa a Jami'ar Duke ta Amurka sun raba mutum 156 masu shekara 50 zuwa sama gida uku: masu motsa jiki sau uku a mako, masu shan maganin ciwon damuwa mai suna sertraline, da masu haɗa biyun. Bayan mako 16 sauƙin da rukunan uku suka samu kusan ɗaya ne. A 2024 mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa nazarin da ya tattara gwaji 218, mutum sama da 14,000, ya nuna tattaki da sassarfa, yoga, da atisayen ƙarfafa tsoka duk suna rage ciwon. Masana na danganta hakan da abubuwa da dama: barci na gyaruwa, hasken rana na saita agogon jiki, motsi na ƙara wani sinadari mai suna BDNF da ke taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Abin da ni na shaida shi ne, mutumin da ke haki a kan tudu ba shi da sararin nanata tunani ɗaya sau ɗari.

Sai zumuɗi ya ɗebe ni. Na sauke manhajar Couch to 5K ta NHS, wadda ke kai mutum ga gudun kilomita biyar cikin mako tara, sau uku a mako, ana farawa da gudun daƙiƙa 60 da tafiyar daƙiƙa 90. Na ga abin ya yi min sanyi-sanyi, na tsallake makonni biyu, na daina hutun da aka ce a yi tsakanin ranaku. Zafin nema ba ya kawo samu. A tsakiyar Fabrairu gwiwata ta kumbura, na koma ɗaki na mako biyu, kuma cikin kwana biyar farkawar ƙarfe ukun nan ta dawo kamar tana laɓe a bayan ƙofa.

A wannan zaman ne na ga iyakar abin da ƙafa za ta iya. Gudu yana kashe sautin tunanin, amma bai taɓa amsa masa ba. Mai ba ni shawarar ta tambaye ni, me ainihi tunanin yake ce maka da ƙarfe uku? Na yi shiru har ta zaci layi ya katse. Sannan na faɗa: cewa na raba yarana da ubansu a banza, cewa wurin aiki za su gano ban iya komai ba su kore ni, in koma hannu rabbana kowa ya gani. Ta ce in raba takarda biyu, gefe ɗaya hujjar da ke goyon bayan maganar, ɗaya gefen wadda ke ƙaryata ta, kamar a gaban alƙali. Wannan ita ce hanyar da suke kira CBT, wadda likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya assasa a Amurka a shekarun 1960, bisa lura da cewa mai ciwon damuwa na ɗaukar mugun zaton da ke faɗo masa a matsayin tabbas. Gefen farko na cika shi da "ina ji a jikina". Gefe na biyu akwai saƙon yabo daga shugabana na aiki wanda na karanta na manta, akwai takardun iyalina da ke tafiya daidai. A daren na kunna kyamara na gaya wa matata komai. Ta yi fushi, ba don ciwon ba, don wata huɗun da na yi ina ce mata intanet ce.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana ce wa mai wannan ciwo "ka tashi ka yi gudu kawai". Akwai wanda nasa ya kai ko wanka ba ya iyawa, wannan likita da magani yake buƙata kafin a yi zancen takalmi, kuma shan ƙwayar ba gazawa ba ce. Ni nawa matsakaici ne, duk da haka sai da aka haɗa min biyu.

A watan Mayu na je parkrun karo na farko a filin Woodhouse Moor. Gudun kilomita biyar ne kyauta duk Asabar ƙarfe tara na safe, wanda ya faro a 2004 a Bushy Park ta Landan da mutum 13. Akwai ɗan sa-kai da aikinsa kawai ya tsaya a bayan kowa, don kada wani ya zama na ƙarshe. Na gama a minti 41, wani tsoho mai tura keken jikansa ya wuce ni a zagaye na biyu. Alhaji na bakin layi da sandarsa yana ɗaga min hannu. A zamanmu na ƙarshe da matar na sake cike takardar nan, na ci 5.

Iyalina sun iso a Agusta, lokacin da rana ke kaiwa bayan takwas na dare, yara suna ta mamakin a ce su kwanta gari da haske. Ban bari hasken ya ruɗe ni ba. Ana saura mako guda a mayar da agogo na shigo da leda, na ajiye wa matata takalmin tafiya da rigar ruwa a gabanta. Ta ɗaga takalmin ta juya shi, ta leƙa taga inda yayyafi ke sauka a karkace.

"A cikin wannan sanyin?" ta ce.

Na ce minti goma ne kawai, kuma matar Alhaji za ta danna ƙararrawa ƙarfe sha biyu.