Godiyar iyali bayan tiyatar Kawu a Kumasi

Assalamu alaikum jama'ar Aboabo, Asawase da Sabon Zango. Alhamdu lillahi, an sallamo Kawu daga asibitin Komfo Anokye, yana gida yana takawa da ƙafarsa. Mu 'ya'yan ƙannensa masu aikin jinya aka ɗora wa isar da godiya, da amsa tambayoyin da suka yi yawa kan ƙarin da aka cire masa a ciki, da dalilin cire ƙodarsa ta hagu.

Ƙarin ba a hanji yake ba, ba kuma a tumbi ba. Bayan tantanin da ya lulluɓe kayan ciki akwai lungu inda ƙoda biyu da manyan jijiyoyin jini suke kwance jikin ƙashin baya. Can ya tsiro daga kitse, irin wanda likitoci ke kira laifosakoma. Lungun yana da fili, shi ya sa ƙari ke girma shiru ba ciwo, sai dai a ga wando ya matse, loma uku ta ƙosar da mutum, alhali hannu da wuya suna ramewa.

Godiya ta farko ga likitocin da suka ƙi gaggawa. Sai da aka yi hoton siti (CT, hoton da ke nuna cikin jiki dalla-dalla) na ciki da na ƙirji don duba huhu, aka tsakuro ɗan naman ƙarin da allura ta kwiɓi, aka tabbatar ƙodar dama za ta iya aiki ita kaɗai, sannan aka sa rana. A wannan ciwo tiyatar farko ita ce babbar dama. Idan aka fasa ƙarin ko aka yanko shi gunduwa-gunduwa, an shuka shi ke nan a cikin ciki.

A nan za mu gyara maganar da ke yawo a zango. Cire ƙodar hagu ba kuskure ba ne, da sanin Kawu aka yi, ya kuma sa hannu tun kafin a shiga da shi. Ƙarin ya naɗe ta tare da wani yanki na babban hanji, dole aka ɗauke su dunƙule guda aka haɗa bakin hanjin.

Samarin da suka yi layi suka ba da jini, Allah ya saka muku. Leda guda kusan mililita 450 ce, kuma aiki kusa da waɗannan jijiyoyi ba a fara shi sai jini na ajiye. Haka masu turo kuɗi ta waya (MoMo), da limaman da suka sa shi a addu'ar Juma'a. Nas-nas na ɗakin maza sun sha fama: hanji kan yi barci bayan tiyata, sai da ya motsa aka zare robar da aka zura ta hanci zuwa tumbi aka fara kurɓar ruwa, sannan koko. Su suka riƙa tayar da shi yana 'yar tafiya don kada jini ya daskare a ƙafa.

Da sauran aiki, domin irin wannan ƙari yana iya dawowa a inda aka cire shi. Za a riƙa maimaita hoton bayan 'yan watanni, har shekaru. Mai ƙoda ɗaya kuma ba ya wasa da magani. Don Allah masu zuwa dubiya kada a kawo jiƙo, ko magungunan ciwo irin su diklofenak da ibufurofen daga kemis, ko da kyakkyawar niyya ce. A zo bayan la'asar, a taƙaita zama.