Yadda Na Gano Bakin Yoyon Baƙin Mai a Tsohuwar Motata

Motar da nake hawa Toyota Corolla ce ƙirar 1996, mai injin 4A-FE na lita 1.6, irin waɗanda aka riƙa shigowa da su ta Kwatano, kuma ta riga ta ci tafiyar fiye da kilomita 300,000. Ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba, shi ya sa hankalina ya tashi ranar da na fito da safe, na ja ta baya daga inda take kwana, na ga ɗigon baƙin mai a kan siminti, faɗinsa bai wuce bakin kofin shayi ba. Bayan kwana uku wurin ya yi baƙi ƙirin, kuma da na zaro ƙarfen gwada mai na goge na sake tsomawa, sai na tarar man ya sauko kusan rabin tazarar da ke tsakanin alamar sama da ta ƙasa. Wannan tazara a irin waɗannan motoci kusan lita 1 ce, injin kuwa gaba ɗayansa kimanin lita 3 yake ɗauka, saboda haka asarar rabin lita ba abin wasa ba ne.

Da yawa daga cikinmu idan haka ta faru sai mu sayi galan mu ajiye a but, mu riƙa ciko duk mako, muna jiran jar fitilar mai ta haska kafin mu damu. Wannan fitila ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin bugunsa take aunawa, kuma duk lokacin da ta kama mota na tafiya, to ƙarafan cikin inji sun soma gogar juna babu isasshen mai a tsakaninsu. Ni kaina na yi mako biyu ina ciko kafin na kai ta gareji.

Makaniken da na fara zuwa wurinsa ya shiga rami, ya haska da fitilar wayarsa, ya ga mai ya taru yana ɗiga daidai mahaɗar inji da giyabos, nan take ya ce oyal sil ɗin bayan kirankishaf ne ya mutu, wato zoben robar da ke tare mai a ƙarshen babbar sandar da ke juyawa a cikin inji. Maganarsa tana da hujja, domin idan wannan sil ya lalace a nan ne man yake fitowa. Sai dai canja shi babban aiki ne: dole a cire ƙafafun gaba da shaf ɗinsu, a sauke giyabos, a kwance kuloci da fulaiwil, wato faifan ƙarfen da kuloci ke ɗaure a jikinsa, kafin a kai ga zoben da bai fi tafin hannu ba. Da ya faɗi kuɗin aikin sai na ce ya ba ni lokaci in yi shawara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne duk saman giyabos ɗin ma jiƙe yake da mai haɗe da ƙura, alhali mai ba ya hawa sama da kansa.

Wani dattijon makanike da abokina ya haɗa ni da shi ne ya warware mini matsalar, kuma bai taɓa sifana ba a ranar farko. Ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: "Malam, inda mai yake ɗiga daban, inda yake fitowa daban. A wanke ta tukuna." Ya bayyana mini cewa mai yana bin gangare, iskar tafiya kuma tana tura shi baya, don haka yoyon da ya taso daga can saman inji yana iya bin jikin ƙarfe ya zagaya ya ɗiga a wurin da babu laifin komai. Wurin da ya fi kowane tsawo a cikin wuraren da suka jiƙe, shi ne abin nema.

Muka bari injin ya huce sarai, muka ɗaure distiributa, mai raba wuta ga filogi, da altaneta, mai cajin batir, da leda don kada ruwa ya shige su, yaransa suka wanke shi da sabulun cire maiƙo da buroshi tun daga sama har ƙasa. Ya hana su amfani da fetur, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara, kuma fetur yana busar da robobi. Da ya bushe sai ya aiki yaro ya sayo hodar jarirai, ya barbaɗa ta a gefen murfin saman inji, wanda suke kira top kaba, da gindin distiributa, da kewayen filtar mai da oyal suwic, mai kunna jar fitilar mai, da ke gefen gaba ƙarƙashin bututun hayaƙi, da bakin kaskon mai na ƙasa. Ya ce in je gida in shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashinta ta kwana.

Kwalin nan yana da amfani fiye da yadda na zata, domin yana nuna launin abin da ke zuba da kuma daidai inda yake sauka. Baƙin mai na inji ruwan ƙasa ne ko baƙi, man giya na mota mai canja giya da kanta galibi ja ne, man giyabos na hannu yana da kauri da wari mai ƙarfi da ba ya ɓoyuwa, ruwan lagireto kuwa kore ne ko ja kuma ba shi da maiƙo irin na mai. Abin da na samu da safe ɗigo biyu ne masu ruwan ƙasa, a ɓangaren giyabos.

Da na mayar da motar bayan na zagaya gari na kusan minti 20, muka buɗe bonet, sai ga zance a fili. A cikin farar hodar akwai siririn layi mai duhu, kamar an ja shi da alƙalami, ya taso daga gindin distiributa, ya gangaro ta jikin kan inji, ya bi saman giyabos ya zagaya ƙasa zuwa ainihin wurin da makanike na farko ya nuna mini. A wannan inji distiributa tana maƙale ne a ƙarshen kan inji ta ɓangaren giyabos, kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul-bawul na inji, shi ne yake juya ta, kuma abin da ke tare mai a mahaɗarsu wani zoben roba ne guda ɗaya. Akwai kuma wani ɗan jiƙewa a kusurwar top kaba, wanda ya nuna gasket ɗinsa, wato robar da ke tsakaninsa da kan inji, ma ya gaji.

Na je kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano na sayo zoben, da gasket ɗin top kaba, da robobi huɗu na ramukan filogi. Kafin dattijon ya zare distiributa sai da ya sa alama da ƙusa a jikinta da jikin inji, domin a mayar da ita daidai mazauninta, tunda ɗan karkacewa kaɗan yana sauya lokacin da wuta ke isa filogi, mota ta rasa ƙarfi ko ta riƙa ƙara. Ya kuma buɗe hularta ya duba ko mai ya shiga ciki, saboda akwai wani sil a jikin sandarta wanda idan shi ne ya lalace zoben waje ba zai yi magani ba; muka tarar cikin a bushe yake. Tsohon zoben da ya ciro ya miƙo mini, na matsa shi da yatsa sai ya karye gida biyu kamar busasshiyar taliya. Shekaru kusan 30 na zafi sun mayar da roba ta zama kamar ƙashi, wannan kuwa dabi'ar roba ce a kowace irin mota. Ya shafa wa sabon ɗan mai kafin ya zura shi, don kada ya yage wajen shiga.

A wajen gasket ɗin ne na ga bambancin gwani da mai koyo. Ya kankare tsohon gam tas, ya goge fuskar ƙarfen har ta bushe, sannan ya ɗiga gam ɗan kaɗan a kusurwoyin da gasket ke lanƙwasawa kawai. Na sha ganin ana lafta gam a ko'ina har yana tsattsafowa, ba a tunanin cewa abin da ya tsattsafo ta waje haka ya tsattsafo ta ciki, kuma idan ya ɓalle ya faɗa kaskon mai yana iya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Notinan murfin kuma a hankali ya ɗaure su, ɗaya bayan ɗaya yana zagayawa, domin ɗauri mai tsanani yana murƙushe gasket ya sa sabon ma ya yi yoyo.

Abu na ƙarshe da ya duba shi ne wanda ban taɓa sanin amfaninsa ba, wato ɗan bawul ɗin PCV da ke kan top kaba. Duk injin da ke aiki, wani hayaƙi yana sulalewa ta gefen fistin ya shiga inda mai yake, kuma wannan bawul ne ke zuƙe shi ya mayar cikin inji ya ƙone. Idan ya toshe, iska tana taruwa a ciki ta riƙa tura mai ta duk inda ta samu rauni, sai mutum ya canja sil yau, wani ya fashe gobe. Ya cire shi ya girgiza kusa da kunnena, ban ji komai ba, alhali mai lafiya yana yin ƙaras-ƙaras. Muka canja shi tare da tiyonsa da ya tsage.

Na tambaye shi ko in koma mai mafi kauri kamar yadda wasu suka ba ni shawara, ya ce kauri yana rage gudun ɗigo ne kawai, ba ya ɗinke robar da ta karye. Ya kuma buɗe murfin sama na taimin bel, wato bel ɗin da ke haɗa kirankishaf da kamshaf, ya haska, domin idan sil ɗin kamshaf ko na gaban kirankishaf yana yoyo, man yana jiƙa bel ɗin ya ruɓar da shi. Muka same shi a bushe, ya ce idan lokacin canja bel ya yi a canja sil ɗin biyu tare, tunda aikin kwancewar ɗaya ne.

Gaba ɗaya aikin bai kai awa biyu ba, giyabos kuma ba a taɓa shi ba. Na ci gaba da shimfiɗa kwali har tsawon mako guda, ina duba ƙarfen gwada mai kowace safiya kafin in tayar da inji, motar tana tsaye a wuri mai daidai. Kwalin ya fita fari fat, mai yana nan a kan alamar sama, kuma bayan na je Zariya na dawo na sake buɗe bonet, ragowar hodar da ke gindin distiributa tana nan a bushe.