Ga ƙannena a Legas da giya ta kama

Ƙannena, akwai maganar da ba ma yi a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, alhali kowa ya sani: yaranmu da yawa da suka zo neman kuɗi suna shan giya. A gida idon uwa da na maƙwabta na kanka. A nan kuwa 'yar leda ce a bakin tasha, ka sa a aljihu ba wanda ya gani, mai paraga, wato giyar da ake jiƙa saiwoyi a ciki, kuma ta ce maka maganin ciwon baya ne. Ta nan na shiga lokacin ina dakon kaya, ina ce wa kaina gajiya nake kashewa. Na tauna goro da kanumfari don kashe wari kafin in shiga sahu, har na kai inda ba na iya ɗaga kofi a teburin mai shayi da safe ba tare da ya zube ba.

Da na yi niyyar dainawa, sai na kulle kaina a ɗaki na yanke lokaci ɗaya, don kada kowa ya sani. Kada ku yi haka. Wanda jikinsa ya saba da giya kullum, idan ya tsaya kwatsam, rawar hannu da zufa da amai kan fara tun ranar farko. Wasu sukan kai ga jijjiga, kuma a kwana na biyu zuwa na uku ruɗewa da gane-gane na iya zuwa, abin da kan yi kisa. Abokan ɗakina sun ɗauka iska ce ta shige ni. Wannan matakin na likita ne, akwai magungunan da ake saukar da jiki da su a hankali. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen masu shaye-shaye, asibitin koyarwa na jami'ar Legas (LUTH) kuma a Idi-Araba yake, a tsakiyarmu. Na san sunan Yaba kaɗai na sa mutum ya ja baya, amma shiga can ba ya nufin ka haukace.

Abin da ya fi ci mini lokaci shi ne ƙin zuwa taron masu dainawa. Ana ce wa ƙungiyar AA, wato Alcoholics Anonymous, ƙungiyar mashaya masu taimakon juna su daina. Wasu mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka fara ta a 1935 a garin Akron na Amurka, bayan sun lura cewa mashayi ya fi sauraron wanda ya ɗanɗana irin wahalarsa. Da aka kwatanta mini wurin na ji a harabar coci ne, sai na ce ba da ni ba. Ashe ɗakin kawai aka ba su. Kujerun roba ne a zagaye, fanka na juyawa a sama, kowa ya faɗi sunansa na farko kaɗai, ya yi magana ba mai katse shi. Akwai direba, akwai ma'aikacin banki, akwai wata uwa. Ba a biyan kuɗin shiga, ana dai zagayawa da ɗan kwando, mai hali ya jefa. Sharaɗin ɗaya ne, kana son ka daina. Matakai 12 da suke bi wajen dainawa suna maganar dogaro ga Ubangiji yadda kowa ya san shi, kuma ba wanda ya taɓa ce mini in bar sallata. Ni a wurin ma na koma mata da gaske.

Wani zai ce ai tuba ta isa. Tuba wajibi ce, amma da ƙarfe goma na dare, kuɗi na aljihu, sha'awa ta taso, kana bukatar lambar mutumin da zai ɗaga waya ya ce ka daure na yau kaɗai. A taron ake samun irinsa, wanda ya riga ka dainawa ya riƙe hannunka. Ku tuna hadisin da Bukhari ya ruwaito, na mutumin da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda giya. Da wani ya tsine masa, sai Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa. Iyayenmu na unguwa da limamai, wannan hadisin naku ne ku ma.

Wajen nema, ku tambayi likita ko mai ba da shawara a asibiti, ko ku rubuta AA da Legas a waya. Ku tabbatar da rana da lokaci kafin ku biya kuɗin mota, ku kuma zaɓi wanda cunkoso ba zai hana ku zuwa kowane mako ba. Akwai tarukan da ake yi ta Zoom ga mai gadi ko direban da ke kwana a layin Apapa. Ku guji duk inda ake ɗaure mutum da mari ko duka da sunan gyara. Kun ga abin da 'yan sanda suka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a 2019.

Yawanci da Turanci ko Burokin ake magana. In bai ishe ku ba, ku je ku zauna ku saurara, ba dole ne ku ce komai a ranar farko ba. In kuma akwai ɗan'uwa Bahaushe da kuka san yana fama da abu ɗaya, ku tafi tare, ɗaya ya fassara wa ɗaya a hanyar dawowa.