Gangar katako kafin ta ƙarfe

Sana'ata ƙera injinan sarrafa amfanin gona ce a Zariya. Cikin duk waɗanda na haɗa, injin ɓarar gyaɗa ne ya fi nuna mini yadda lokacin fara gwaji ke sauya fasalin inji gaba ɗaya.

Wata ƙungiyar mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ce ta ba ni aikin, tare da wasu manoma masu ajiye iri. Shugabarsu ta so ganin cikakken zane da farashi kafin a sayi ƙarfe, kuma tana da gaskiya. Sai dai akwai abin da kwamfuta ba za ta gaya mini ba: tazarar da za a bari tsakanin gangar da ke juyawa da rariyar da ke ƙarƙashinta. In ta matse, ƙwaya ta dagargaje. In ta buɗe, gyaɗa ta zube da ɓawonta. Girman ramukan rariya, saurin ganga, ƙarfin injin da zai ja ta, duk a kan wannan tazarar suke.

Na ce mata, "Hajiya, a yi mini haƙuri da zanen, in fara jin bakin gyaɗar tukuna." Na sa kafinta ya yi mini ganga ta katako mai marikin juyawa da hannu, na samo guntun kwano muka huda shi ya zama rariya. Babu fanka, babu ƙafafu, babu fenti. Tambaya ɗaya na gina shi ya amsa.

Lokacin kaka ne, wannan kuwa ya taimaka ƙwarai. Na gwada sabuwar gyaɗa da ba ta daɗe da shan rana ba, na gwada tsohuwa da ta bushe ƙayau a rumbu. Tazarar da ta fitar da sabuwar lafiya lau, ita ce ta riƙa tsaga tsohuwar gida biyu, domin ƙwayar da ta bushe fiye da kima ba ta jure bugu. Shi ya sa masu iri kan yayyafa wa gyaɗa ruwa kaɗan kafin ɓara. Sannan gyaɗar nan mai suna SAMNUT 24 ta cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ba girmanta ɗaya da gyaɗar gargajiyar da wasu matan ke saya a kasuwa ba. Ga mai ƙuli-ƙuli tsagaggiyar ƙwaya ba babbar asara ba ce in yau za ta soya. Ga mai iri kuwa hasara ce tsantsa, kuma ƙwayar da ta ji rauni ta fi saurin kama fumfuna a ajiya.

Da na tsaya sai zane ya kammala, da tazara ɗaya zan zaɓa in sa a yi mata walda. Mai waldar da muke aiki tare yakan ce, "Injiniya, ƙarfe ba ya karɓar ban haƙuri." Gyara a katako kuwa guduma ce da ƙusa.

'Yan'uwan nan biyu na gidan Wright a Amurka, waɗanda suka fara tashi da jirgin sama mai inji, sun ga irin wannan. Jirginsu marar inji na 1901 bai ɗaga ba yadda lissafin da suka gada ya nuna, sai suka haɗa ƙaramin akwatin hura iska suka gwada fikafikai ƙanana wajen 200, kafin su tashi a Disamban 1903.

Amma gaggawar gini ma tana da nata haɗarin, ban kuma so a raina shi ba. Abin da ido ya fara gani yana aiki yakan kama zuciya. Ranar da matan suka ga gangar katakon tana zubo da ƙwaya, cewa suka yi, "Ai ya yi, a yi mana irinsa da ƙarfe." Alhali ko sheƙa ban gwada ba. Saboda haka na haɗa wani samfurin daban, mai kai-komo maimakon juyi, na ajiye su kusa da juna domin kada na farkon ya ci gasa don kawai shi aka fara gani. Mai juyin ya fi sauri, shi muka ɗauka, amma daga na biyun muka koyi sa roba a sandunan ganga don rage tsaga.

Sai bayan nan na zauna na yi wa Hajiya zanenta. Injin da ya fito yana da noti na ɗaga ganga ko sauke ta, da rariya iri uku da ake sauyawa gwargwadon gyaɗar da aka kawo.