Fara Labari Daga Ƙarshensa

Ɗauki takarda ka rubuta fitowar ƙarshe a layi 3 kacal. Misali: amarya ta ajiye makullin ɗaki kan tabarma, ta fice ko waiwaye babu. To, me ya kai ta ga haka? Rubuta amsar a sama. Sake tambaya, sau 5 ko 6, har ka iso ranar da komai ke lafiya lau. Nan ne babin farko.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne amsawa da "kwatsam". Haɗarin mota ko rasuwar da ba a share wa fage ba, mai karatu zai gane marubuci ne ya rasa mafita. Makullin nan kuwa, a nuna shi tun da wuri, ko da a hannun uwar miji.